Kwalaben Bikin Yaya Sale

Ku 'ya'yana da jikokina kun daɗe kuna yi mini dariya a wurin biki. Da zarar an miƙo mini tambulan na lemon nan mai kumfa da kuke sayowa katan-katan a kantunan Madain Fahd a nan Jidda, sai in kai shi kunne kafin in kai shi baki, ku kuma ku riƙa zungurar juna kuna cewa Hajiya ta fara waya da lemo. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da autata ta kawo mini daga wani biki a Aziziyya, inda wata tsohuwa da haƙoranta suka ƙare amma bakinta bai mutu ba ta ƙare mata kallo ta ce, "Au, ashe ke jinin Hajara mai giya ce?" Yarinya ta dawo gida ido jawur. To ku zauna ku ji. Hajara uwata ce, Inna muke ce mata, kuma abin da ya jawo mata wannan suna a gabana aka yi shi.

A goye aka fito da Inna daga ƙasar Hausa. A hanyar Hajji ta yi wayo, a Sudan ta zama budurwa, a can ta auri babanmu, suka tsallako teku tare suka zauna a Jidda. Baba dako yake yi a bakin jiragen ruwa, ya rasu ina ƙarama, ya bar ta da mu biyu, ni Jummai da yayana Sale. Ba ta da iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ba ta da wata takarda ko ta ɗaure gyaɗa, kuma a zamanin nan ba wanda ya damu, don duk bukkokin unguwarmu haka muke. Abin da ta riƙe mu da shi shi ne ruwan biki. Haka kowa ke kiransa. Zabibin Ɗa'ifa take jiƙawa da tsamiya da citta da kanumfari da sukari, ta tace, ta zuba a tulu, ta toshe bakinsa da tsumma, ta binne shi har wuya a jiƙaƙƙen rairayi a kusurwar bukka. A nan yake kwana yana tashi a hankali, har ya zama idan ka kurɓa sai ka ji yana ɗan cizon harshe yana hawa hanci. Duk Bahaushen da zai aurar ko zai yi suna, daga unguwarmu har bakin tsohon gari, wurinta yake aikowa. Mata su zo su zauna a tabarma ta ba su ɗanɗano a ƙananan finjalai, su zaɓa. Na ɗaurin aure, wanda dattawa za su sha, citta take cika masa. Na ƙawayen amarya takan ɗiga masa ruwan wardi. Idan uwar amarya ta cika iyayi ta ce a haɗa mata duka, Inna ta ce mata ai ba miya ba ce.

Sirrin sana'ar ba a kayan haɗi yake ba, a kunne yake. Abin da ke sa ruwan biki kumfa shi ne kuma abin da zai mai da shi haram idan aka bar shi ya wuce lokacinsa, kuma tsakanin biyun ba nisa. Safe da yamma Inna takan durƙusa ta manna kunnenta a cikin tulu, ta ɗaga mana hannu mu yi tsit.

"Yana raɗa," takan ce. "Da saura."

Idan ta ce yana hira, to ranar ce ranar sha. Idan kuwa ya fara faɗa, ba a ko tambaya, rairayi ne zai sha. Saboda haka take da ƙa'ida guda da ba ta karyawa: ba ta jiƙa zabibi sai ranar da aka sa amarya a lalle, don ruwan ya nuna daidai ranar kai ta. Ko kuka za ka yi mata, idan ba ta ga lalle a ƙafar amarya ba, ba za ta taɓa tulu ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da muka bar bukka. Yaya Sale ya sami aiki a gidan wani Bature na kamfanin jiragen ruwa, yana jera masa tebur yana goge tambulan, ya kama mana ɗaki biyu na siminti da rufin kwano a Sharafiyya. Mun yi murna ba kaɗan ba. Ni har tsalle nake yi a kan simintin don in ji ƙarar ƙafata. Inna ce kaɗai ta tsaya tana dube-dube ta ce ina za ta binne tulu. A shekarar ne kuma aka ba Yaya Sale Sa'adiyya, 'yar wasu Hausawan Bor Sudan da suka san Inna tun ƙuruciya, aka shirya za su kawo ta a jirgin ruwa a yi biki a nan.

Yaya Sale mutum ne mai son abu ya yi kyau, ga shi da bakin ba da labari. Wata rana da la'asar yana shan shayi ya fara ba mu labarin wani aure da aka yi a gidan maigidansa, aka rufe ƙofa aka fito da wasu kwalabe masu ɗaurin waya a wuya.

"Inna, wallahi da kin ga yadda suke zaɓenta," in ji shi. "Sai mutum ya ɗaga tambulan sama wajen haske yana kallo kamar mai duban wata. Idan kumfar manya ce tana tashi da hauka, ya ce a mayar. Idan ƙanana ce, tana hawa a jere ɗaya bayan ɗaya kamar zaren carbi, ya ce shi ke nan, wannan ce ta amarya. Ga ƙarar buɗewa, fau! Kowa ya yi tafi."

"Ka sha?" in ji Inna.

"A'uzubillahi! Ni zubawa kawai nake yi, in wanke hannu."

"To me ya burge ka?"

"Ƙarar, Inna. Da kumfar." Ya sassauta murya yadda yake yi tun yana yaro idan yana son abu. "Ya ummi, naki ba zai yi haka ba? Na halal, a bikina?"

Ni na ga fuskar Inna a lokacin. Ta taɓe baki kamar ba ta damu ba, amma idonta ya riga ya tafi. Ta ce kumfar da Bature yake taƙama da ita, tulunta ya daɗe yana yi, toshiya ce kawai ba ta da ƙarfi. Washegari ta aike ni in tattaro kwalaben kazoza na banza, wato lemon kwalba, muka wanke su da toka da ruwan zafi, Yaya Sale ya samo toshiya da waya a wurin aikinsa. Ta yi gwaji da kwalba kaɗan. Ranar da aka buɗe ta farko, toshiya ta tashi ta bugi kwanon rufi, ni na ƙwala ihu na ɓuya a bayan Inna, Yaya Sale ya zuba a tambulan ya ɗaga wajen taga. Ga kumfa nan ƙanana tana hawa a jere, ruwan ja-ja kamar shayi marar madara. Ya kurɓa, ya rungume Inna har ƙafarta ta bar ƙasa, tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta, ba sa'arsa ba ce. Ban taɓa ganin ta yi dariya irin ta ranar ba, kuma ban sake gani ba. Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa, har matafiya sun kai shi Bor Sudan: a bikin ɗan Hajara za a sha ruwan biki mai harbi.

Ga inda aka yi kuskuren, kuma kuskure ne na ɗoki. Amarya tana kan teku, ba yadda Inna za ta ga lalle a ƙafarta. Ranar da aka hango jirginsu, masu dako abokan Baba suka zo da gudu suka ce ya iso, Inna ta ce ai shi ke nan, isowar jirgi ita ce lalle. Ta jiƙa zabibinta duka, ta tace, muka cika kwalabe muka jera su a ɗakin ciki har ba wurin sa ƙafa. Sai da muka gama ɗaure ta ƙarshe Yaya Sale ya shigo jiki a sanyaye. An sami marar lafiya a jirgin, an kwashe fasinjoji duka an kai su karantina, inda ake tsare matafiya har a tabbatar ba su ɗauko cuta ba. Ba wanda ya san ranar fitowarsu.

Lokacin zafi ne, irin zafin Jidda da iska ke tsayawa cak, gumi ya hana riga bushewa. A bukka rairayi ne ke riƙe sanyi. A nan kwano ne a sama, siminti a ƙasa, ɗakin ya zama tanda. Inna ta lulluɓe kwalaben da jiƙaƙƙun buhuna, ta sa ana sayo ƙanƙara ana jerawa a kai, kafin azahar ta narke ta bi ƙasa. Abin da ya fi damunta ba zafin ba ne. Na sha ganinta ta ɗauki kwalba ta manna a kunne, ta juya ta, ta sake mannawa, ta ajiye.

"Jummai, wannan abu bebe ne," ta ce mini. "Tulu yana gaya mini halin da yake ciki. Wannan ya kulle bakinsa ya bar ni a duhu."

Ta buɗe ɗaya ta ɗanɗana, ta ce yana hira, da yau ne bikin da an sha daɗi. Ta sa rai gobe za a sake su. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Da aka tashi sakinsu kuwa sai aka sake su ba zato, dangin amarya suka ce ba su da masauki mai ɗaukar su duka, a ɗaura aure washegari a kai amarya a wuce wurin.

Da hantsin ranar bikin, ana ta fama da tukwanen shinkafa a waje, muka ji fau daga ɗakin ciki, sai ƙarar gilashi. Kwalba ta fashe da kanta. Inna ta shiga, ni ina biye da ita, sai Yaya Sale da Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, wadda ita ce ke juya hidimar bikin. Warin da ya tare mu ba na ruwan biki ba ne. Inna ta buɗe wata, kumfa ta yi tsiri ta wanke mata hannu, ta ɗiga a harshe, ta tofar, ta kurkure baki har sau nawa. Duk mun gane.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Hajara," in ji Gwaggo Asabe, ta tura ƙofa da ƙafa. "Abin bai kai nan ba. A juye a babban baho, a ƙara ruwa da sukari, a fasa ƙanƙara a kai. Finjali ɗai-ɗai za su sha. Wa zai sani?"

"Ni," in ji Inna.

"Inna, mutane tun daga Bor Sudan suke zancensa," in ji Yaya Sale. "Me zan ce wa surukaina?"

"Ka ce musu ga kazoza. Limamin da zai ɗaura maka aure shi zai fara sha, Sale. Daga nan masallaci zai wuce ya ja mutane salla. Da hannuna kake so in ba shi?"

Ya fita, na ji shi yana aiken a sayo akwatunan kazoza. Ni da Inna muka riƙa kwasar kwalabe a kwando muna kaiwa bayan gida inda akwai fili mai rairayi. Gwaggo ta ce mu bari sai dare mana, Inna ta ce ɓarawo ne ke jiran dare. Da rana tsaka muka yi ta buɗewa. Kowace kwalba ta yi ƙarar da Yaya Sale yake so, fau, fau, ba mai tafi, kumfa ta kwanta a rairayi ta mutu. Ina kuka ina buɗewa. Inna ko hawaye ba ta yi ba.

Da a nan aka tsaya, da ba ku taɓa jin sunan nan ba. Bayan magariba mata suka cika layi, an kafa rumfa an rataya fitilu, an kawo Sa'adiyya ana guɗa. Aka fara zagayawa da kazoza. Sai uwar amarya, Hajiya Batula, mace mai fara'a da babbar murya, ta ɗaga kwalba ta duba ta yi dariya.

"Ya Hajara! Wannan ai a Bor Sudan ma muna da shi. Ina mai harbin da aka cika mana kunne da shi? Yalla, a fito da shi, ko rowa za a yi mana?"

Gwaggo Asabe ta yi wuf ta ce zafi ne ya farfasa kwalaben, ba wadda ta tsira, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Mata suka fara jajantawa. Ƙofa a buɗe take, da Inna ta yi shiru da ta fita lafiya. Ina zaune kusa da ita, na ji ta ja numfashi.

"Ɗaya ce ta fashe," ta ce. "Sauran ya wuce lokacinsa, ya zama giya. Na zubar."

Mai kiɗa ta ci gaba, aka ƙarasa biki. Amma magana ta riga ta fita, kuma a hanya ta yar da rabinta. "Ya zama giya" ya zagaye Jidda, "na zubar" ya tsaya a ƙofar gidanmu. Masu wucewa ta bayan gida suka ce ai sun ji warin da hancinsu. Matan da suka shekara suna shan ruwan Inna a kowane suna suka fara zuwa wurin malamai suna tambaya ko sallolinsu na baya suna nan. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ba wanda ya sake aikowa a yi masa ruwan biki. Idan mota ta tsaya a bakin layi sai gabanmu ya faɗi, don mace marar iƙama da aka laƙaba wa wannan suna, kalma ɗaya ta isa a zo a tafi da ita. Yaya Sale ya rame, kullum yana cewa shi ya jawo. Sa'adiyya, Allah ya jiƙanta, ita ce ke zama da Inna tana tsefe mata kai tana ja mata hira.

Na taɓa tambayarta, cikin fushi irin na budurwa, me ya sa ba ta bar ƙaryar Gwaggo ta wuce ba.

"Da na bari, gobe za su sake aikowa," ta ce, "su sha da ido rufe, suna ganin hannuna ba ya kuskure. Wanda zai sha daga hannuna ya kamata ya san yana kuskure, ya kuma san abin da nake yi in ya yi."

A lokacin ban gamsu ba. Sana'a nake gani ta tafi, da mutuncinmu.

Shekara ta zagayo aka sa bikina da babanku. Danginsa mutanen kirki ne, amma sun aiko a fakaice cewa kazoza ta wadatar. Na roƙi Inna ta yi ko don ni, ta ce ta rufe wannan babi. Ranar da aka sa ni a lalle na ga ta shigo da wani tsohon baho cike da rairayi ta tura ƙarƙashin gado, ban kawo komai a raina ba, hankalina yana wani wuri. Da safen ranar da za a kai ni, gida cike da mata, ta kira ni ɗakin ciki ta sa sakata. Ta jawo bahon. Ɗan ƙaramin tulu ne a binne a ciki har wuya.

"Durƙusa," ta ce. "Kawo kunnenki."

Na manna kunnena a jikin tulun, yana da sanyi da danshi. Da farko ban ji komai ba sai hayaniyar mata a waje. Can sai na ji shi, ƙasa-ƙasa, kamar mutane da yawa suna magana a wani gida mai nisa, ba mai ɗaga murya.

"Kin ji? Wannan ita ce hira. Ki riƙe ta."

Ta zuba a finjali ɗaya, na kurɓa ta kurɓa. Citta kaɗan, wardi kaɗan, ya ciji harshena ya hau hancina har idona ya kawo ruwa, ta ce kada in ɓata kwallina. Muka shanye tulun mu biyu, ba wanda ya sani. Sannan ta gaya mini cewa idan an gama bikina za ta je Bor Sudan ta ga ƙanwarta, ta ɗan huta da bakin mutane. Na ce yaushe za ta dawo. Ta gyara mini mayafi ta ce in tashi, ana jirana.

Ni da ita duk mun san wanda ba shi da takarda idan ya fita ya fita ke nan. Jirgin da ya kawo Sa'adiyya shi ya tafi da Inna. Ta rayu 'yan shekaru a can, saƙonta yana zuwa ta bakin alhazai, wani lokaci da ƙullin kuka ko daddawa. Ba ta ga ko ɗayanku ba. Labarin rasuwarta ma a bakin wani alhaji na ji shi, ina goye da babbar yayarku, bayan an yi wata da binne ta.

Na gwada yin ruwan biki ba sau ɗaya ba. Na sayi tulu, na samo zabibin Ɗa'ifa, na durƙusa na kasa kunne har gwiwata ta yi ciwo. Ko in yi gaggawa ya fito salam, ko tsoro ya kama ni in zubar tun bai kai ba. Sau ɗaya tak aka nuna mini, kuma ranar hankalina rabi yana wurin kuka. Lemonku na kanti kuwa ihu kawai yake yi, ba ya cewa komai. Amma duk da haka ina kai shi kunne, don a ɗan lokacin nan kafin kumfar ta kwanta nakan koma ɗakin nan na Sharafiyya, ƙofa a rufe, hannunta a kan wuyana. Ina kewarta har yau, da furfurata da komai.

Saboda haka idan wata ta sake tare ku ta ce ku jinin Hajara mai giya ne, kada ku yi kuka, kada kuma ku musa. Ku dube ta ku ƙarasa mata rabin maganar da aka yar a hanya. Ku ce eh, mu ne, jikokin wadda ta zubar.